Kawu da Jinin Yaran Jiratawa

Kawu ya rasu wata Talata bayan azahar, a ɗakinsa na Sabon Garin Maraɗi, kuma kafin a kira la'asar layin gidan ya cika har masu kabu-kabu suna zagayawa ta baya. Daga Allah muka fito, gare shi kuma za a mayar da mu. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da mutumin, don irinsa nan da shekara biyu sai ka ji ana cewa wani tsoho ne da ya yi aiki a labo, ɗakin gwajin jini na asibiti. Akwai kuma wani abu da ke cin raina tun ranar, wanda na san in ban faɗe shi ba ba zai bar ni in sake ba.

Waɗanda suka fara zuwa tsofaffin ɗalibansa ne, ma'aikatan jinya da na labo, wasunsu har sun fi shi furfura. Majo suke ce masa, wato babban ma'aikacin lafiya, kamar yadda duk garin ke ce masa. Ɗaya daga cikinsu ya zauna kusa da ni ya ce ya fi shekara ashirin rabonsa da aji, amma har yau in ya ɗauki kwalbar jini bai rubuta suna a jikinta ba, sai ya ji kamar Majo na tsaye a bayansa. Dattawan majami'a na Tsibiri sun zo, suka zauna a gefen tabarma har aka dawo daga maƙabarta. Washegari masu lambu na Jiratawa suka zo a bayan mota ɗaya, da buhun zogale da aka rasa inda za a ajiye shi. Wani dattijo a cikinsu ya yi ta share hawaye da hannun riga, yana gaya wa kowa cewa Majo ne ya fara ce musu fitsarin jini da yaransu ke yi ba alamar zama namiji ba ce, tsargiya ce, kuma tana da magani. Inna, mahaifiyata, wadda ita ce yayar Kawu, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da aka zo fita da shi sai ta dubi makarar ta ce, "Marar kunya, ni na goye ka, kai za ka riga ni," sannan ta koma ɗaki.

Ni ne a tabarmar waje, don ni ne ɗa. Kawu da matarsa, wadda muke kira Iya, Allah bai ba su haihuwa ba, shi ya sa Inna ta ba shi ni ina ɗan shekara bakwai. A gidansa na girma, sana'arsa na gada, har yau jinin mutane da majinarsu nake dubawa. Amma duk wanda ya zo sai ya miƙo mini hannu ya ce Allah ya ba da haƙuri, kafin in rufe baki da amin ya riga ya tambaya ina ɗiyar Majo take. Sai a nuna masa cikin gida, ya je ya tsaya daga bakin ƙofa, kuma a can ake daɗewa.

Ɗiyar nan ba ɗiyarsa ba ce. Ɗiyar amininsa ce, wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, Kirista na Tsibiri da suka yi makaranta tare, wanda ya rasu tana ƙarama. Kawu ya tsaya mata har ta zama likita, ta je ƙasar waje ta karanci garkuwar jiki, yanzu tana koyarwa a Yamai. Yaya take ce mini, kuma ba ta taɓa yi mini ko kallon banza ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ita ce a kansa lokacin da ya cika, ba ni ba. Ina kishinta, in faɗa kai tsaye. Fiye da shekara ashirin ina kishinta, mutum da gemu da 'ya'ya biyar, kuma duk a kan magana ɗaya ce da na yi ta jira daga bakin Kawu, ya ce abin da ya samu jinin Jiratawa ba laifin hannuna ba ne. Zan zo kan wannan, amma bari in fara da shi kansa, don shi ne mamacin.

Dogo ne siriri, bahago, mai ƙaramar murya, har in ya yi fushi sai ka matso kusa kafin ka ji zagin da ake yi maka. Ba ya shan ruwa sai ya ɗaga kofin ya duba shi a haske, ko a gidan wa yake. Iya ta ce haka ya yi a gidan iyayenta ranar da ya fara zuwa gaisuwa, har mahaifinta ya tambaya ko yaron nan lafiyarsa ƙalau. Shayinsa babu sukari. Yana gyara wa mai karanta labarai a rediyo magana, kuma yana jiran ya ga ko zai gyara. A labo dokarsa ɗaya ce da kowa ya haddace, a rubuta suna a jikin kwalba kafin a tsira allura, ba bayan an zare ba. "Jini ba shi magana," yake cewa, "in ka ɓata mishi suna ba ya iya gyara ma."

Akwai wata damina da wani manomi ya kawo majinarsa aka duba, Kawu ya ga tarin fuka ƙiri-ƙiri, amma mutumin ya gaji da jira ya koma ƙauyensu can bayan Tsibiri. Kawu ya rufe labo ya ce in hau bayan moto, babur ɗinsa ke nan. Gulbi ya kawo ruwa, muka yi ta tura moton a laka har gwiwa, muka iske mutumin a gona yana noma yana tari. Kawu ya yi masa faɗa kamar zai doke shi, ya tambaye shi yara nawa ke kwana ɗaki ɗaya da shi, sannan ya ɗora shi a bayan moto suka nufi Maraɗi. Ni aka bari in taho da ƙafa har bakin hanya in nemi mota. Bai taɓa ba kowa labarin nan ba, kuma bai taɓa tambayata yadda na dawo ba.

Bayan aikin labo yana koyarwa a makarantar ma'aikatan lafiya, kuma darasin da ya fi so shi ne na garkuwar jiki. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki, a cikinsu kuma akwai waɗanda littattafai ke kira ƙwayoyin T mataimaka. Kawu masu shela yake ce musu, don su ba sa kisa da kansu, saƙo suke fitarwa ya tayar da sauran. Yakan ja layi a tsakiyar allo daga sama har ƙasa. A gefe ɗaya ya rubuta gida na ɗaya, waɗanda saƙonsu ke tayar da yaƙi da cutar da ke ɓuya a cikin ƙwayoyin jikin mutum, irin ta tarin fuka. A ɗaya gefen ya rubuta gida na biyu, waɗanda nasu saƙon na tsutsotsi ne, irin na tsargiya da na hanji. Saƙon wannan gida yana danne na wancan. Sai ya buga allon da alli ya ce ƙwaya in ta zaɓi gida ta zaɓa ke nan, ba ta kwana nan ta wuni can. Ɗalibin da ya kuskura ya sa saƙon wannan gida a wancan, sifili ne ba roƙo. Ba Kawu ya ƙirƙiro layin ba, haka littattafan lokacin suke koyarwa, sai dai shi ya riƙe shi kamar gadon ubansa.

Ina saurayi, ban daɗe da fara aiki ƙarƙashinsa ba, wasu masu bincike daga waje suka zo suna son su ƙirga masu shelar nan a jinin yaran karkara. Suka damƙa wa Kawu aikin a nan Maraɗi. Aka shirya a fara da Jiratawa, in an gama a koma Tsibiri, don su ne kusa da gari. Aikina shi ne in ɗebi jinin, in jera kwalaben a akwatin da ke kare su daga zafi, in ɗaure a bayan moto in kawo labo ba tsayawa, Kawu ya ware fararen ƙwayoyin ya daskarar da su a aika. Ban taɓa jin kaina ya yi girma kamar lokacin ba. Ya zaɓe ni ne a gaban manya da suka girme ni a aiki, kuma na ji shi da kunnena yana gaya wa baƙin cewa hannun yaron nan ba ya rawa.

Mako uku muka yi ana bazara. Sau ɗaya, rana ɗaya tak, na ratse gidan su wadda ta zama uwar 'ya'yana, don an ce mini wani ɗan kasuwa ya fara kai gaisuwa. Na jingine moton a inuwa, na yi kamar rabin awa, na wuce.

Bayan wasu watanni takarda ta zo da Faransanci. Ta ce na'urarsu tana duba ƙwayoyi ne ɗaya bayan ɗaya, kuma a jinin Jiratawa ta ga ƙwayoyi da yawa da ke fitar da saƙon gida biyu a lokaci guda. Tun da babu irin wannan ƙwaya, in ji su, to biyu ne suka manne na'urar ta ƙirga su ɗaya, ko kuma matattu ne suka sha rinin da ake sa musu don na'urar ta gan su, kuma haka na faruwa in jini ya daɗe a zafi. Suka roƙa a ƙara kula. Kawu ya kira ni labo ya rufe ƙofa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya tambaye ni ko na taɓa tsayawa a hanya. Da na yi ƙarya da ba wanda zai sani, amma a gidansa na girma, na ce sau ɗaya, na faɗi inda na tsaya.

"Jinin ɗiyan mutane ne," ya ce. "Uwayensu sun miƙo hannun ɗiyansu don sun yarda da ni. Kai kuma ka aje shi ƙohwar gidan budurwa."

"Rana guda ce, Kawu. Takardar ta ce kwalaben duka."

"Wanda ya tsaya sau guda ya hwaɗi, ban san sau nawa ya tsaya bai hwaɗi ba. Aje akwatin."

A lokacin ɗiyar amininsa tana hutu daga makarantar likita, Tsibiri kuma garinsu ne, kowa ya san ta. Ita ta ɗauki akwatin. Da sakamakon Tsibiri ya dawo, ƙwayoyin nan masu saƙo biyu 'yan kaɗan ne, baƙin har suka yaba da tsabtar aikin. Kawu ya karanta takardar a tsakar gida da ƙarfi, ya fassara wa Iya da Hausa, ina zaune da kwanon tuwo a gabana. Na cinye tuwon tas don kada a ce na ji haushi, kuma ban san ɗanɗanonsa ba.

Ba mu rabu ba, kada wani ya ɗauka haka. Na yi aure na koma unguwar Zariya, na nemi canji zuwa wani labo, amma kowace Juma'a a gidansa nake cin abincin rana. Shi ya raɗa wa 'ya'yana suna su duka biyar. Muna hirar damina, da tsadar taki, da ciwon gwiwar Inna. Maganar aiki ce kawai ta mutu a tsakaninmu. In wayarsa ta yi ƙara aka ce ɗiyar ce, sai ya miƙe ya ɗauki tabarau da kayensa na rubutu ya shige zaure, in yi ta jiyo dariyarsa da kalmomin da ni ma na san ma'anarsu, ina zaune ina taya Iya tsinke zogale. Na fara ƙirga mintocin, wallahi, mutum da iyalinsa. Iya ta gane. Wata rana ba tare da ta ɗago ba ta ce taurin kai ɗaya gare mu ni da kawuna, Allah ya haɗa ta da biyu.

An yi shekaru haka, har Kawu ya ajiye aiki. Wani hutu ɗiyar ta zo gida daga waje da tarin takardu, ranar Juma'a, muka zauna a gindin bishiyar bedin tsakar gida, ni ne mai shayi. Ta ce ta kawo wa Baba wani abu da zai hana shi cin abinci. Na'urorin yanzu, in ji ta, suna iya bambance ƙwayoyi biyu da suka manne da ƙwaya ɗaya tilo, kuma an tabbatar akwai ƙwaya ɗaya mai ɗauke da alamar gida biyu. An gan su a ɓerayen gwaji masu tsutsa, an kuma gan su a jinin mutane masu tsutsa. Ba ruɗewa suka yi ba, ba kuma a hanya suke daga wannan gida zuwa wancan ba, haka suke zama su daɗe. Suna fitar da saƙon biyu, sai dai kowanne a hankali, bai kai ƙarfin na ƙwaya mai gida ɗaya ba. Masu bincike suna ganin wannan na iya rage ɓarnar da yaƙin kansa ke yi wa jiki, don a cuta irin tsargiya yawancin illar da hanta da mafitsara ke sha daga fushin jikin ne a kan ƙwan tsutsar. Ta ce an ma gano wasu gidajen bayan biyun da ya sani, kuma akwai masu gauraye na ɗaya da wani sabo, suna taimakawa a kan tarin fuka, amma a wasu mutane suna cikin masu juyowa su ci jikin mai su, su kumbura hanji ko gaɓoɓi. Ta ce abin da ba a sani ba har yanzu ya fi wanda aka sani yawa.

Kawu ya ce ta sake karanto wurin tsutsar, ta sake. Sai ya cire tabarau ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, har hawaye suka zubo. "Shekara nawa ina ba ɗiyan mutane sihili," ya ce, "ashe allona ne ya yi kaɗan."

Ni kuwa na tsaya da butar shayi a hannu. Mutane masu tsutsa. Yaran Jiratawa a ruwan kanal na noman rani suke wuni, rani da damina, tsargiya ta cika su. Yaran Tsibiri da ta ɗebi jininsu 'ya'yan masu noman hatsi ne a jigawa, ruwansu na rijiya. Mu duka, da baƙin da Kawu da ni kaina, mun ga an canza hannu sakamako ya canza, ba wanda ya tuna an canza gari. Ta ɗan dube ni ta kawar da kai, na ɗauka tausayi ne, na ƙara jin zafinta. Na jira Kawu ya juyo. Ya juyo ɗin, ya dube ni sosai, ya miƙo kofinsa ya ce in ƙaro ruwan zafi.

In yi wa mamaci adalci, ba wanda zai iya tabbatar da komai yanzu. Kwalaben nan sun daɗe da zama shara a wata ƙasa. Wataƙila wasu ƙwayoyin sun manne da gaske, wataƙila rabin awar nan ta yi nata aikin a kwalaben ranar. Shi ya sa ba takarda nake nema ba. Shi ya ɗora mini, shi kaɗai zai iya saukewa.

Makarantar da ya koyar ta gayyace shi bayan haka ya yi wa sababbin ɗalibai magana, ni na kai shi. Na tsaya a bayan aji. Ya ja layinsa na tsakiya kamar da, ya cika gida biyun, sannan ya sa hannun babbar rigarsa ya goge tsakiyar layin, ya tsaya da farin alli a kafaɗa ya gaya musu cewa ya yi shekaru yana koyar da rabin gaskiya, kuma ɗiyarsa ce ta buɗe masa ido da tsufansa. Ya ce duk wanda a cikinsu ya ga abin da littafi ya ce babu, ya sake dubawa kafin ya zubar. Yara suka yi ta tafi. Na yi alfahari da shi, ban san tsoho da yawa da za su iya wannan ba, kuma a lokaci guda ji nake kamar in fita in bar shi ya nemi kabu-kabu.

A hanyar komawa yana bayana a moto na ce masa ƙwayoyin nan da ya yi bayani, a jinin Jiratawa muka fara ganinsu. Ya ce in dubi hanya. Da muka isa ƙofar gida ya sauka, ya gyara hula, ya ce, "Ka tsaya, ko ba ka tsaya ba?" Na ce na tsaya. Ya ce to, ya shige. Wata biyu ban taka gidan ba, har azumi ya wuce, sai da Inna ta hau kabu-kabu da gwiwarta mai ciwo ta zo Zariya ta wanke ni tas a gaban matata. Ta ce ita ba ta san tsutsa ba ba ta san ƙwaya ba, abin da ta sani ƙaninta ya rame, kuma kullum Juma'a sai ya sa a ajiye kwano biyu. Na koma. Ya ce mini sannu da zuwa kamar jiya muka rabu, ya tambaye ni ko an yi ruwa a wajenmu.

Ciwon ajalinsa zuciya ce, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Wata huɗu ina jinyarsa. Ni ke yi masa wanka da aski, ni ke juya shi, ni ke jera masa magunguna a faranti yana duba kowanne a haske kafin ya haɗiye. Ya yi laushi a watannin nan. Yakan riƙe hannuna bayan na gama goge masa baya, ya daɗe bai saki ba, in ce a raina yau ne, sai ya tambaya ko ɗiyar ta kira. Sau da yawa na buɗe baki in tayar da maganar da kaina, sai in ga ai shi ya kamata ya fara, in yi shiru. Haka muka yi ta zama mu biyu, kowa na jiran ɗan'uwansa.

Ranar Litinin ta sauka daga motar Yamai. Mutumin da ya yi mako bai iya tashi zaune ba ya ce a tayar da shi, a ba shi hula. Ya sha kunu rabin kofi daga hannunta, wanda ni tun safe nake lallashi ya ƙi. Iya ta yi ta godiya ga Allah, ni ma na ce alhamdu lillahi da baki. Da safiyar Talata na shigo na ce ina da aiki a asibitin Jiratawa, akwai na'urar duba jini da zan gyara musu. Aikin gaskiya ne, amma zai iya jiran wata guda. Iya ta dube ni ta ce, "Yau ɗin?" Na ce ai ga likita a gida, me za a yi da ni. Kawu yana barci, ban tashe shi ba. Na gama aikin cikin awa ɗaya, na je na zauna a bakin kanal wajen wani mai lambu da na sani, muna hira ina kallon yara suna iyo a ruwan da Kawu ya yi shekaru yana hana iyayensu. A nan maƙwabcinsa ya kira ni bayan azahar ya ce in taho.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka watse da hantsi, ina naɗe tabarmi a ƙofar gida ɗiyar ta fito ta tsaya kusa da ni. Idanunta sun kumbura. Ta ce akwai saƙona a wurinta, ta rasa lokacin da za ta ba ni saboda jama'a.

"Da hantsi ya buɗe ido ya ce ina ɗana. Munka ce ka tahi Jiratawa. Ya ce in kira ka, shina da magana da kai. Na kira, Yaya. Da ya ga shiru ya ce in sake. Daga baya ya ce to ke riƙe, ki ba shi. Tsutsar Jiratawa ce, ba hannunshi ba ne. Ya ce tun ranar da na karanta mishi takardun ya sani."

Na tambaye ta, in ya sani, me ya hana shi faɗa duk shekarun nan.

"Ni ma na tambaye shi. Ya ce kai ɗanshi ne, kullum kana nan, ya ɗauka akwai lokaci."

Na sa ta ta maimaita, ta maimaita kalma bayan kalma, ba ta ƙara ba ba ta rage ba. Sannan na ce mata babu rezo a cikin lambu, waya ba ta shiga. Ta dube ni ta ce, "To, Yaya," ta sunkuya ta kama ɗaya bakin tabarmar muka naɗe tare.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa, ya sa yaran da ya raba da tsargiya da ɗaliban da ya koya wa rubuta suna a kwalba su zama shaida a gare shi. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Maganar da na jira ta zo, kuma na yarda da ita, don ɗiyar nan ba ta ƙarya. Sai dai duk lokacin da na tuna ta, da muryarta nake jin ta, ita ce ta ji ta da muryarsa, kuma ko wannan ma ina kishinsa. Akwai rezo a Jiratawa ranar nan. Sau uku wayar ta yi ƙara a aljihuna ina zaune a bakin kanal, sau uku na ciro na ga sunanta. Na ukun ban ma mayar da ita aljihu ba, na riƙe ta a hannu ina kallo har ta katse, kuma na ji daɗi.